Fijo 504: wasan sitiyari da laushin ƙafa, wanne ne ciwo, wanne ne halinta?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, ta daɗe a jingine, yanzu muna ƙoƙarin tayar da ita. Inji ya tashi lafiya, saura aikin ƙafa. Abu biyu ke damuna. Sitiyari yana da wasa, sai ka juya shi kusan faɗin yatsu huɗu kafin taya ta motsa. Sannan in na sha kwana motar tana kwantawa gefe sosai. Yaron da ke mini aikin ya ce mu yanke sifirin ta sauko ƙasa, mu sa bushin, wato robar da ke tsakanin gaɓoɓin ƙafa, mai tauri irin na zamani da rim 17 mai faɗin taya, wai a nan ne za ta kama titi. Kafin in ba da kuɗin kaya na ce bari in ji ta bakin manya.

Oga Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka bari kowa ya kai abin yanka kusa da sifirin nan. Magana biyu ka kawo, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Wasan yatsu huɗu a sitiyarin 504 ciwo ne, dole a nemo inda yake. Kwanciya a kwana kuwa, in dai shokozoba ba ta mutu ba, haka take tun ranar da ta fito daga kamfani.

Ga yadda za ku gano wasan. Kada ku ɗaga ta a jak, ku bar nauyinta a kan tayoyinta. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, ɗaya ya shiga ƙarƙashi yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Ku fara da faifan robar nan da ke tsakanin sandar sitiyari da rak, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama. Tsufa da baƙin man da ke ɗiga a kansa suna tsaga shi, kuma sau tari rabin wasan a nan yake. Daga nan sai rak ɗin kansa, sai tayarod na kowane gefe da ke haɗa rak da taya, sai boljoin na ƙasa, sai boris ɗin taya. Gaɓar da ta ci za ka ji tana bugun tafin hannunka kafin taya ta amsa.

Injiniya:
Oga ya faɗi gaskiya a kan wasa, ba ni da ja. Amma mu daina yi wa tsofaffin motocin nan kirari fiye da kima. Sitiyarin 504 marar fawa sai ka zagaya shi fiye da sau huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Kana gudun kilomita 120 a titin Kaduna zuwa Zariya, saniya ta faɗo maka, wannan jinkirin da wannan kwanciyar ba abin yabo ba ne. Yaron bai yi daidai da batun yanke sifirin ba, amma abin da yake nema, wato motar ta riƙa amsa hannu da wuri, ba laifi ba ne.

Tsohon Direba:
Ɗana Injiniya, kai a kan kwalta mai santsi ka koyi mota. Mu da muka yi lodin Kano zuwa Maiduguri da wagon, ta Potiskum da Damaturu, mun san abin da laushin nan ya yi mana. In ka shiga burji mai gargada, mota mai tauri tsalle take yi, tayarta rabin lokaci a sama take. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Fijo sai ka ga jikinta yana tafiya lumui, ƙafafun ne kawai ke aiki a ƙasa. Fasinja na barci, kai kana riƙe da sitiyari da yatsu uku.

Malamin Fasaha:
Bari in ɗan tsoma baki, don abin da Baba Direba ya ji a jikinsa akwai lissafinsa.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, kuma ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Gabanta tsarin MacPherson ne, wato shokozoba da sifirin a haɗe wuri ɗaya a tsaye, da hannu ɗaya a ƙasa. Peugeot sun fara amfani da shi tun a 404 ta 1960. Bayan salun kuwa, a tsarinta na asali, kowace taya da nata hannun, in ta dama ta faɗa rami ta hagu ba ruwanta. Sannan farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giya da difaransha, ba a fili take ba. Amma babban sirrin shi ne nisan da taya ke iya tafiya sama da ƙasa kafin ta kai maƙura. Sun ba ta tazara mai yawa da sifirin mai laushi, sai suka bar wa shokozoba aikin tsare lilo. Kuma Peugeot da kansu suke ƙera shokozobarsu a lokacin, ba saye suke ba.

Dubi mai ɗauke da tulun ruwa a ka tana saukowa daga gangare. Gwiwa da ƙugu ne ke shanye rashin daidaiton ƙasa, tulun bai san ana yi ba. Ka ɗaure mata gwiwa da kara ka ga ko ruwan zai kai gida. Yanke sifirin ɗaure gwiwa ne. Ka rage tazarar, ka ƙara taurin, ramin farko mai zurfi ƙafa za ta daki maƙura, bugun ya wuce kai tsaye cikin bodin da ya haura shekara talatin.

Kuma ba a takarda kawai ba. A gasar Safari ta Kenya, wadda ba a kan kwalta ake yin ta ba, 404 ta ci a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ove Andersson ya ci da 504 a 1975.

Injiniya:
Malam, motocin gasa ba da ƙafar kasuwa suke shiga ba, ana ƙarfafa su. Amma na yarda tushen tsarin ɗaya ne. Tambayata ita ce bushin. Me zai hana a sa mai tauri? Roba tana lanƙwashewa, taya tana ɗan kaucewa daga inda aka saita ta, wannan ai asarar daidaito ce.

Malamin Fasaha:
Asara ce da aka yi da gangan, Injiniya. Michelin sun yi rajistar tayar radiyal a 1946, motocin Faransa kuma su ne suka fara rungumarta. Radiyal tana da ɗamarar waya a ƙarƙashin inda take taka ƙasa. Tana kama hanya, tana daɗewa, amma in ta hau ƙaramin tudu ko gaɓar kwalta a ƙaramin gudu tana aiko da bugu mai kaifi. Maganin da masu ƙira suka samo shi ne su bar taya ta ɗan ja da baya kaɗan lokacin da ta daki abu, ta dawo. Robar bushin ce ke ba da wannan damar. Gwanintar ita ce a sa robar ta yi laushi ta gaba da baya, ta yi tauri ta gefe, don kada sitiyari ya yi sako-sako. In ka cika ko'ina da abu mai tauri, za ka sami kaifin hannu kaɗan, amma bugun da robar ke shanyewa sai ya koma kan boljoin da tayarod da waldar bodi. Ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa.

Faifan robar da Oga ya ambata ma aikinsa ke nan. Rak yana haɗe da tayoyi kusan kai tsaye, haƙori a kan haƙori, don haka duk abin da taya ta ji yana hawowa hannunka. Faifan ne ke tace shi. Sabo yana ba da sassauci ba tare da wasa ba. Tsagagge wasa zalla yake bayarwa.

Maman Sadik:
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da tawa, tunda ana maganar sitiyari. Akwai Marsandi 230 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, irin W123 ɗin nan, ni nake kula da ita. A miƙaƙƙen titi sai ka ji tsakiyar sitiyarin kamar ba komai, kana ta ɗan gyarawa. Wani bakanike ya ɗaure wani noti a saman akwatin sitiyarin, wasan ya tafi, amma yanzu ya yi nauyi, kuma in na gama kwana ba ya dawowa da kansa sai na mayar da shi. Wannan daidai ne?

Oga Mai Gareji:
Hajiya, Allah ya gafarta wa Baba. Ba daidai ba ne, kuma kada ki ƙara hawa babban titi da ita a haka. Ki mayar masa ya sassauta.

Marsandi ba rak gare ta ba, akwati ne. A ciki akwai sanda mai zare, da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa, su ke tura wani haƙori, shi kuma ya juya hannun da ke fitowa ƙasa. Daga wannan hannun sai doguwar sanda ta tsakiya, sai wani hannun a ɗaya gefen da ke tallafe ta, sannan tayarod biyu. Ƙirga gaɓoɓin ki gani. Kowace ta ci kaɗan, in aka tara sai ya zama wasa mai yawa a hannunki. Mutane sai su ruga kan notin akwati don shi ne a fili, alhali sau da yawa bushin ɗin hannun tallafin nan ne ya mutu, ko ƙaramar shokozobar da ke kwance a jikin sandar. In aka matse akwatin fiye da ƙima haƙoran suna cije juna, sitiyari ya daina dawowa, kuma cikin akwatin yana cinyewa. Akwatin nan ba arha gare shi ba.

Ko sabuwa ce fil, irin wannan sitiyarin yana da ɗan sanyi a tsakiya in aka gwada da na Fijo. Ladansa shi ne rami ba ya fizge miki hannu. Shi ya sa manyan motoci da Landiroba ta da duk akwati suke amfani da shi.

Malamin Fasaha:
Ƙari a kan na Oga: Mercedes sun riƙe akwatin nan har a W124, wadda muke kira V-boot, duk da sun sake mata ƙafar baya gabaɗaya zuwa mai hannaye biyar a kowane gefe. Sai a W210 ta 1995 suka koma rak a wannan jerin. Ba rashin sani ya sa suka daɗe ba, zaɓi ne.

Dawowar sitiyari da kansa kuwa, Hajiya, ba daga akwati take ba. Layin da taya ke juyawa a kansa an ɗan kishingiɗar da shi baya, shi ake kira kasta, irin yadda cokalin gaban keke yake. Shi ke jan tayoyi su miƙe da kansu. Ƙarfinsa ba shi da yawa, shi ya sa da an matse akwati sai ya kasa.

Maman Sadik:
Na gode Oga, na gode Malam. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a duba hannun tallafin tukuna.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar nan da daɗi. Mu ma nan 404 da 504 bashe, wato a-kori-kura, sun yi mana aiki ba kaɗan ba a hanyoyin ƙauye. Amma in ana maganar laushin ƙafa a tsofaffin motoci, ba a yi adalci ba in ba a ambaci Citroën DS ba. An nuna ta a Paris a 1955, ba ta da sifirin ƙarfe ko ɗaya. Kowace taya tana da ƙwallon ƙarfe, rabinsa iskar nitirojin, rabinsa mai, da roba a tsakani. Iskar ce sifirin. Famfo da inji ke juyawa yana tura mai, motar ta daidaita tsayinta da kanta komai lodin da aka yi mata. In ta kwana a ajiye sai ta zauna ƙasa, in ka tayar da inji ta miƙe. Akwai sanda a ciki da za ka ɗaga ta sama don hanya marar kyau, da ita ma ake canza taya ba tare da wahalar jak ba. Paul Magès ne ya ƙirƙiro tsarin. A watan Agusta 1962 da aka buɗe wa DS ɗin shugaban Faransa na lokacin, Janar de Gaulle, wuta a Petit-Clamart kusa da Paris, tayoyi sun fashe amma direban ya fita da ita da gudu. Har Rolls-Royce sai da suka karɓi lasisin fasahar don Silver Shadow.

Tsohon Direba:
To me ya hana ta cika tashoshinmu, tunda ta fi kowa?

Ɗan Maraɗi:
Baba, gyara. Famfo ɗaya ke riƙe da ƙafa da birki da sitiyari. Bututu ɗaya ya fashe a daji, mai ya tsiyaye, ka zauna. Kuma ba kowane mai take sha ba, na farko ja ne, daga baya suka koma kore, in aka haɗa su robobin ciki sun lalace. Fijo kuwa ko a ƙauye aka samu mai walda da sifana goma sha uku za a lallaɓa ta ta kai gari.

Injiniya:
Yawwa, ga inda nake so a zo. Ba duk abin da magabata suka ƙera ne hikima ba, wani kuskure ne ko neman arha. Ɗauki Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka haɗa a Legas. Sifirinta sandunan ƙarfe ne da ake murɗawa, wannan dabara ce mai kyau, ba ta cin wuri. Amma ƙafar bayan tsofaffin, kowane aksul yana lilo ne daga jikin giya, gaɓa ɗaya tak. In ka shiga kwana da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, bayan motar yana ɗagawa, tayar waje ta lanƙwashe ta shige ciki, ga nauyin inji a baya. Sai gindin ya wuce gaba. Chevrolet Corvair ta Amurka ta 1960 irin ƙafar ke gare ta, surutu ya yi yawa, a 1965 suka sake tsarin. Volkswagen ma daga baya sun ƙara gaɓa ta biyu a wasu samfuran, Beetle 1302 kuma ta zo da MacPherson a gaba. Da a ce duk tsohon tsari daidai ne, da ba su canza ba. Don haka in wani ya ce zai gyara wa tsohuwar mota hali, kada a ce masa ya yi saɓo.

Malamin Fasaha:
Ban ce saɓo ba ne, Injiniya. Na ce ka san abin da kake taɓawa. Ƙafar Beetle tana da aibi a lissafinta, shi ya sa masu ita suke rage iskar tayoyin gaba sosai a kan na baya, yadda kamfani ya rubuta, kuma mai facin da ya cika duka huɗun daidai wa daida ya jawo maka hatsari. Ƙafar 504 ba ta da irin wannan aibin. Tana kwantawa, amma tayoyinta suna nan a dafe, kuma tana gaya maka tun da wuri cewa ka kusa iyaka. Kwanciya daban, sakin hanya daban.

Baban Ummi:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Mun bi yadda Oga ya ce. Faifan robar ya tsage ta wuri biyu, har ana hango zaren ciki, tayarod na hagu kuma yana ƙwas-ƙwas. Rak ɗin lafiya lau, robar da ke rufe shi ce kawai ta yage, ƙasa ta fara shiga. Shokozobar baya ɗaya ta jiƙe da mai. Batun yanke sifirin na ajiye shi. Amma rim fa? Gaskiya ina son ganinta da manyan rim.

Oga Mai Gareji:
Alhaji, motarka ce, amma ga abin da zai biyo baya. Rim ɗinta 14 ne, taya 175. Kaurin gefen tayar nan shi ma ɓangaren ƙafa ne, shi ke fara karɓar rami kafin sifirin ya ji. Rim 17 gefen tayarsa siriri ne, ramin da da za ka wuce ba ka sani ba yanzu zai lanƙwasa rim. Na biyu, ramukan notinta huɗu ne masu tazarar da ba kowace mota ke da irinta ba, sai an sa faranti a tsakani ko an sake huda. Farantin yana turo taya waje. Da taya ta fito waje, sitiyari ya yi nauyi wajen fakin, boris ya riƙa mutuwa da wuri, kuma duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ya fizgi hannunka. Ba fawa gare ta ba balle ya ɓoye maka.

In kwalliya kake so, nemi rim ɗin alminiyon na 504 ko 505 na asali. Suna nan a hannun masu tsofaffin kaya in ka yi haƙuri.

Tsohon Direba:
Kuma in za ka sayi kayan baya ka faɗa musu salun ce. Ta wagon daban take, aksul ɗaya ne miƙaƙƙe da sifirin huɗu, biyu kowane gefe, don kaya. A-kori-kura kuma sifirin faranti gare ta. Na sha ganin an cusa wa salun sifirin wagon wai don ta ɗau buhuna, sai ka ga gindinta a sama kamar za ta yi atishawa, in babu lodi tana ta tsalle. Mu ma a tasha da muna yanka tsohuwar taya mu cusa tsakanin zoben sifirin saboda lodin ya fi ƙarfinta. Yana ɗagawa, amma shokozoba ba ta shekara.

Injiniya:
To ni ga shawarata da ba ta saɓa wa kowa ba. A bar sifirin da tsayinta yadda suke. A sa shokozoba masu kyau guda huɗu, ba biyu ba. Sandar da ke hana kwanciya, wadda ta ratsa daga dama zuwa hagu, a sabunta robobinta, a nan kam ko an sa masu ɗan tauri ba a yi ɓarna ba, don ba su ke karɓar bugun rami ba. Rabin kwanciyar da Alhaji ke kuka da ita ina zargin daga nan take da kuma shokozobar da ta zubar da mai.

Malamin Fasaha:
A kan robobin sandar na yarda da kai. Amma kada a ƙara mata kauri a gaba kaɗai, motar za ta riƙa tura hanci waje a kwana.

Oga Mai Gareji:
Saura abu ɗaya da yara ke yawan tsallakewa. In an sa sababbin bushin, kada a ɗaure notin ƙarshe motar tana rataye a jak. A sauke ta, nauyinta ya zauna, a ɗan girgiza ta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure tana sama, da ta sauka robar a murɗe take zama dare da rana, wata kaɗan ta tsage, ka ce kayan jabu aka sayar maka. Jabun ma yana nan da yawa, ka danna robar da farce, in ta yi tauri kamar filastik ko tana barin baƙi a hannu, ajiye musu abinsu. Bayan an gama a kai ta alaimen, tunda an taɓa tayarod, kuma ka tsaya a wurin ka ga sun daidaita sitiyarin a tsakiya kafin su fara awo.